Inuwar dokin da ke fili: rumfa, itace, ko a bar shi ga rana?

Ɗan Dundaye: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar manya nake nema. Dawakinmu biyu, ingarma da goɗiya, mun fitar da su daga cikin gida mun kai su fili bayan garin Sakkwato wajen Dundaye, saboda gida ya cika. Filin fetal yake, ko sabara babu. Ga bazara ta kama, jiya wayata digiri 43 ta nuna da rana. Ingarman ya rage cin harawa, da azahar sai ya sunkuyar da kai yana haki, abin yana damuna ƙwarai. Rumfa zan kafa ko itace zan dasa? In rumfa ce, kwano ko zana? Kuɗin hannuna ba su da yawa, ba na son in zuba su inda ba za su yi amfani ba.

Mai Akawal: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ɓata kuɗinka. Dokin ƙasar nan ba dokin Ingila ba ne. Cikin ranar nan anka haifi kakanninsu, cikinta sunka yi yaƙi da fatauci. Ni na kafa wa nawa rumfa a Kware, wallahi da tsakar rana waje nake iske shi tsaye, rumfar babu kowa sai kaji. Ka cika mai ruwa, ka ba shi kanwa, shi ke nan.

Baba Zagi: Kahin a yi nisa, ɗana na Dundaye, hwaɗa muna: dawakin ga sake suke cikin shinge, ko ɗaure ga turke?

Ɗan Dundaye: Ɗaure suke Baba, kowanne da turkensa. Ba ni da shinge, kuma ba zan saki ingarma kusa da gonakin mutane ba.

Baba Zagi: To nan maganar take. Mai Akawal, naka na san shi, sake yake cikin garka. Dokin da ke sake shina da zaɓi. In ya hita rana shi yas so, ko ƙuda sunka ishe shi ciki, ko waje iska ta hi kaɗawa, kuma in rana ta gallabe shi komawa zai yi da ƙahwarshi. Na turke hwa? Inda kaɗ ɗaure shi nan zai wuni, iyakarshi tsawon igiya. Kada ka auna wanga da wancan. Kakannin da kake hwaɗi kuwa, ba a fili fetal aka aje su ba. Ka leƙa duk tsohon gidan da anka sani da doki cikin garin ga, za ka iske barga kusa da zaure, ko turke gindin cediya ko durumi, ga rumfar kara. Mutanen da sunka hau su zuwa daga sun hi mu sanin darajassu.

Mai Akawal: Ranka shi daɗe Baba, ban musa ba. Amma jimirin dokinmu ba ƙarya ba ne.

Likita: Jimiri gaskiya ne, Mai Akawal, sai dai yana da iyaka. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, kamar mutum. Zafin jikin lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Duk ranar da zafin gari ya haura 40, iskar da ke kaɗa shi ta fi jikinsa zafi, ba ta rage masa komai sai ta hanyar busar da gumi. Ka ƙara masa rana a gadon baya da zafin rairayi daga ƙasa, sai ya zama ruwan jikinsa kawai yake kashewa daga hantsi har la'asar. Shi ya sa yake rage cin abinci, domin narkar da harawa ma zafi take haifarwa a ciki. Abin da na fi tsoro a wannan lokaci shi ne ciwon ciki: busasshiyar harawa, ruwa ya yi kaɗan a jiki, kashi ya taurare ya toshe hanji. Mai doki ya ce abu ya ci, alhali rana ce ta fara aikin tun makonni. Ɗan Dundaye, ka lura da numfashin ingarman in yana hutawa. Na lafiyayye 8 zuwa 16 ne a minti. In ka ga yana ninka haka yana tsaye ba aikin komai, kada ka jira gobe.

Kuma baƙin doki irin naka, Mai Akawal, ya fi kili, wato farin doki, ɗaukar zafin rana. Danda kuma, da duk mai farin hanci da jar fata, nasa daban ne: fatar hancin ke ƙonewa ta yi ja ta saɓule.

Mai Walda: Ni dai in rumfa za a yi a yi ta gaske. Bututun ƙarfe shida, a dasa da siminti, a ɗora kwano. Shekara goma ba ka sake waiwayarta ba. Zana da kara kowace shekara sai ka sake, ga gara, ga gobara da hunturu. In ka tara kuɗin zanar shekara huɗu sun sayi kwanon.

Baba Zagi: Ɗana, ka taɓa tsayawa ƙarƙashin gajeren kwano da azahar cikin Afrilu? Kai da kake da hula ma ba ka minti goma. Kan doki ya hi naka kusa da ruhin. Na ga rumhunan kwano da yawa da dawaki ba su shiga, masu su na cewa dokin ne ba ya son inuwa. A'a, wutar da ke saukowa bisa kanshi yake gudu. Kara da gamba ba su riƙe zahi, iska na ratsa su. Sannan doki in ya hirgita miƙewa yake bisa ƙahwahun baya, bakin kwano kuwa wuƙa na. Na ga goshin da kwano ya tsaga, ba na son in ƙara gani.

Mai Walda: Baba wannan gajeren kwano kake faɗi. A ɗaga shi ƙafa 12 ko 13, a shafa farin fenti a samansa, ko a shimfiɗa kara a kai a ɗaure da waya. Bakin kuma a naɗe shi ko a bi shi da katako. Duk ana yi.

Ɗan Dundaye: To ke nan in yi ta ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 12 tsayi ga kowane doki? Na ji ana cewa haka ake auna wa doki ɗaya.

Malam Liman: Assalamu alaikum. Ni ba ni da doki, mahaifina ne ya yi kiwonsu, Allah ya jiƙansa. Amma ina da tambaya ga mai walda da ɗana na Dundaye. Yaushe la'asar take shiga?

Ɗan Dundaye: Allah gafarta Malam, wajen ƙarfe huɗu saura.

Malam Liman: Ba agogo nake nufi ba. A fiƙihu, la'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire ɗan abin da ya rage lokacin zawali. A watannin nan kuwa rana bisa tsakar ka take bi, inuwar zawali kusan babu ita. To rufin da ka ɗaga ƙafa 12 sama, in an kira la'asar inuwarsa ta matsa gabas da ƙafa 12. Kai kuma faɗin rumfarka ƙafa 12 ne. Ina inuwar take? Ta fita daga ƙarƙashin rufin gaba ɗaya, tana can gefe kan rairayi, doki kuwa yana ɗaure a tsakiya rana tana dukan haƙarƙarinsa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta. Kuma ba sai la'asar abin yake farawa ba, wajen ƙarfe biyu da rabi ma rana ta riga ta cinye rabin rumfar ta gefen yamma.

Mai Walda: Kai! Allah gafarta Malam, wannan lissafi haka yake.

Likita: Malam ya taɓa inda yawancin rumfuna suke faɗuwa. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Wajen ƙarshen Afrilu rana tana wucewa daidai bisa kanmu, daga nan har tsakiyar Agusta ta ɗan karkata arewa, da hunturu kuma ta koma kudu sosai. Wato a bazara tafiyar inuwa kusan miƙe take daga yamma zuwa gabas. Tsakar rana a nan ba ƙarfe 12 ba ce, tana kusa da ɗaya saura minti ashirin, kuma zafin iska ba ya kai ƙarshensa sai wajen uku zuwa huɗu, daidai lokacin da inuwar ta gudu. Mutane da safe suke zuwa auna wurin rumfa, ko da tsakar rana, su ga inuwa ta zauna daram, su tafi gida. Da za su dawo da la'asar da sun ga wani abu daban.

Saboda haka ɗaga rufi yana maganin zafin kwano amma yana ƙara wa inuwa gudu. Mafita ita ce rumfar ta yi tsawo daga gabas zuwa yamma, ba murabba'i ba. In tsayinta ƙafa 12 ne, tsawonta ya kai 24 ko fiye, turke ya zauna can ɓangaren gabas, domin nan inuwar yamma take taruwa. Ranar safe da za ta same shi a wurin ba ta da illa irin ta yamma.

Baba Zagi: Likita, abin da kake hwaɗi da lamba, mu da turke biyu munka san shi. Kowane dokin kirki turke biyu gare shi, na hantsi da na marece. Yaron barga in ya yi sallar azahar aikinshi na hwarko shi kwance doki shi maida shi turken gabas. Wanda yam manta, ranar ya ji hwaɗa. Yanzu an bar dawaki hannun yaran da ke zuwa da sahe su zuba dusa su tahi, sai magariba. Ko rumfar zinariya kak kahwa, in babu mai duba doki tsakanin azahar da la'asar, da saura. Ɗan Dundaye, in ba ka iya doguwar rumfa, rataya zana ɓangaren yamma, daga ruhi ta sauko har daidai ƙirjin doki. Kada ta kai ƙasa. Bar ƙasan buɗe iska ta wuce, don iskar da ke kawo sauƙi gab da damina daga kudu maso yamma take hitowa, in ka toshe ta ka yi ɗaki ba rumfa ba.

Ɗan Dundaye: Na gode Baba. Zana ɗaya ko biyu ba za su gagare ni ba. To in haɗa su biyun a doguwar rumfa ɗaya?

Baba Zagi: Ingarma da goɗiya? A'a. Raba su, da tazara mai kyau, yadda ko ya juya baya harbi bai kai ba.

Mai Akawal: Nan kam ina tare da Baba. Ko sakakku ne, mai ƙarfi shi ke mallake inuwa, ya kori na ƙasa da shi waje. In rumfar tana da bango uku da ƙofa ɗaya ma ya fi muni, ya rutsa shi a lungu ya yi ta harbi. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ruwa ya fi rumfa. Doki da ruwa ba inuwa zai rayu, da inuwa ba ruwa fa?

Likita: Ba wanda ya ce a zaɓi ɗaya. Doki a lokacin sanyi yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, a irin wannan zafi yana iya wuce 60, wato fiye da jarka biyu manya. Wanda aka yi sukuwa da shi cikin zafi yana zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda. Shayarwa sau biyu a yini ba ta isa a bazara. Ruwan kuma ya zauna cikin inuwa. Rabin duron ƙarfe da aka bari a rana, da azahar ruwansa ya yi zafin da doki zai sunsuna ya ja da baya, mai shi yana ganin duro cike yana cewa ai ba ya jin ƙishirwa. Game da kanwa, ban hana ba, gadonmu ce, amma ba ta maye gurbin gishiri. Abin da ke fita cikin gumi, wanda kake gani fari-fari ya bushe a bayan doki, mafi yawansa gishiri ne. A ajiye masa na lasa kusa da ruwa.

Hajiya Mai Dashe: Sannunku da muhawara. Kowa rumfa yake ta faɗi, an manta yaron ya tambayi itace. Ɗana, rumfa ta bana ce, itace na shekaru ne, kuma inuwar itace ta fi kowace rumfa sanyi domin ganye yana fitar da laima. Ka yi duka biyun. In ruwa ya zauna a Yuli ka dasa dogonyaro layi ɗaya yamma da turakunka, ba gabas ba, don inuwar marece ta faɗo kan dawakin. Dubi titunan garin nan, ba don dogonyaro ba da wa zai iya tafiya a ƙasa cikin Afrilu? Yana jure fari, yana saurin girma, kuma yana riƙe ganye lokacin da ake bukatarsa. Kada wani ya ruɗe ka da kuka, ita da rani tsirara take. Tsamiya inuwarta ba ta da na biyu amma sai jikokinka. Cediya kuwa reshe ake sarowa mai kauri a kafa da damina ya kama, sai dai tana son wuri mai ɗan danshi, ban san yadda filinka yake ba.

Ɗan Kware: Hajiya kin bar gawo. Shi ne itacen makiyayi. Da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, ga 'ya'yansa dabbobi na ci.

Hajiya Mai Dashe: Ban raina gawo ba ɗana, in ka iske shi tsaye a fili ka yi sa'a, kafa turkenka gabas da shi. Amma dasa shi daga ƙarami akwai jira, shekarunsa na farko saiwa yake yi ƙasa ba ya tashi sama, kuma yana da ƙaya. Mai neman inuwa da wuri dogonyaro ne nasa. Kowanne ka dasa ka kewaye shi da ƙaya ko waya, awaki ba su da tausayi, doki ma in ya gaji da tsayuwa ɓawon itace yake gwaguya har ya kashe shi. Kada igiya ta kai gindin.

Likita: Ƙari kan maganar Hajiya: ka zagaya filin ka tuge duk zurma da ka gani. 'Ya'yanta guba ne mai ƙarfi, doki kuwa yana cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. Tumfafiya ma a cire ta kusa da turke saboda farin ruwanta yana cutar da ido. Kuma in hadari ya taso da tsawa, kada a bar doki ɗaure gindin itace guda tilo a tsakiyar fili.

Mai Walda: Tunda an zo maganar hadari, nan ne masu zana za su gane abin da nake faɗi. Iskar farkon damina daga gabas take tasowa, a Mayu ko Yuni, kuma rumfar da ke fili ba ta da abin da zai tare mata. Ko kwano ko kara, in ginshiƙi bai shiga ƙasa ƙafa uku ba, tashi za ta yi. Ta kwano in ta tashi ta fi haɗari, wannan na yarda, shi ya sa nake ɗaure rufi da ƙarfe ba ƙusa kaɗai ba. Akwai kuma koren ragar nan da masu renon itatuwa suke rufawa. Mai kauri tana tare yawancin rana, iska tana wucewa ta cikinta, ba ta da nauyi. Ruwan sama ne kawai ba ta tarewa.

Baba Zagi: Ragar ban san ta ba, ba ni cewa komi. Ginshiƙi dai in ka samu azarar giginya ka huta da gara. In itace na ne, ƙona gindin kahin ka binne. Kuma ka tada ƙasan rumfar da rairayi ta hi kewaye tudu. Wurin da rana ba ta taɓawa hitsari ba ya bushewa, damina na zuwa ya zama caɓi, kohwato ya ruɓe ya yi wari, ƙuda su taru. A kwashe kashi kullum sahe da marece, a kai shi nesa.

Malam Liman: Wannan duka yana cikin haƙƙin dabba. Hadisi ya inganta game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya ɗaure dabba ya ɗauke mata dabararta, duk abin da da za ta nema da kanta ya koma wuyansa, har inuwa.

Ɗan Kware: Likita tambaya ɗaya. Sallah a shekarun nan cikin zafi take faɗowa, dawaki suna dawowa daga hawa jiƙe sharkaf ƙarƙashin kaya. Mu an hana mu zuba wa doki ruwan sanyi yana cikin gumi, wai jijiya za ta ɗaure. Gaskiya ne?

Likita: An daɗe ana faɗin haka har a ƙasashen Turawa. An bincika sosai gab da wasannin Olamfik na 1996 a Atlanta ta Amurka, saboda zafin garin, aka tabbatar ruwan sanyi ba ya cutar da dokin da ya ɗauki zafi, shi ne ma hanya mafi sauri ta ceto shi. A cire sirdi da jalala nan take, a kai shi inuwa inda iska ke kaɗawa, a yi ta kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da baya da cinyoyi, ba sau ɗaya ba, har numfashi ya sauka. A bar shi ya sha. In akwai ma'aunin zafi a sa a dubura. Ya haura 40 kuma ya ƙi sauka, ko dokin yana tangaɗi, ko jikinsa ya yi zafi amma babu gumi ko kaɗan, a nemi likita ba tare da jinkiri ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a garin nan.

Baba Zagi: Wanga ban saba da shi ba, Likita. Mu jan doki muka yi a hankali har gumi shi tsane, sannan a wanke. Amma kai ka karanta, kuma in doki na tangaɗi ba lokacin gardama na ba.

Likita: Jan nan yana da kyau Baba ga dokin da ya gaji kawai. A haɗa: a zuba ruwa, a ja shi kaɗan cikin inuwa, a sake zubawa.

Ɗan Dundaye: Allah ya saka wa kowa da alheri. Kuɗina ba su kai kwano ba bana, kara zan ɗora. Baba, kaurin karan da za a shimfiɗa fa? Kuma karan dawa ko na gero?

Baba Zagi: Na dawa ya hi ƙwari. Shimfiɗa shi har in ka tsaya ƙasa da azahar ba ka ganin ɗigon rana bisa rairayi, sannan ka bi da gamba ko tsohuwar zana, ka danne da sanduna ka ɗaure tamau. Ɗaga shi inda bakin doki bai kai, in ba haka ba cinye ruhin zai yi kahin wata. Kuma kada yaro shi hura wutar korar sauro kusa da ita.

Mai Walda: Kara yanzu ya yi tsada, masu dabbobi sun kwashe. Ka tambaya wajen Wamakko ko Kwalkwalawa kafin ka shiga kasuwa. In ka samu ginshiƙan ka yi mini magana, zan zo da igiyar awo mu fitar da layin gabas da yamma, amma sai bayan azahar.